Yadda muka juya albam ɗin rok ya koma wasan daɓe

Albam ɗin na wasu 'yan rok ne su huɗu a wani gari na arewacin Ingila inda na je ƙaro karatu, ba wai duniya ta san su ba, amma a garin nan kam ko tasi ka shiga sai ka ji direba yana bin waƙarsu yana buga sitiyari. Ni dama na taɓa harkar wasan kwaikwayo tun a jami'a a gida, da sanyi ya ishe ni ga zaman ɗaki sai na shiga ƙungiyar wasan daɓe ta garin, kuma daraktar, wata dattijuwa tsohuwar malamar makaranta da nake ce wa Madam, ita ta ɗora min rubuta labarin. Dalilinta wai ni kaɗai ne ban tashi da waƙoƙin ba, don haka ba zan ji tausayin yanka su ba. Umma da na faɗa mata a waya cewa ta yi, to kai yanzu karatu ka je ko kiɗa? Na ce Umma duka biyun ne, ki dai sa mana albarka.

Da farko ma wani shahararren albam 'yan ƙungiyar suka so, a nan na fara sanin cewa lasisin da gidajen kiɗa ke biya wa PRS, ƙungiyar da ke karɓar wa mawaƙa kuɗin haƙƙinsu a Ingila, na rera waƙa ne kawai, da zarar ka sa mata labari da kaya da 'yan wasa to ta zama wasan kwaikwayo, dole ka nemi izini kai tsaye daga mai waƙar ko kamfanin da ke riƙe da haƙƙinta. Aka rubuta wasiƙa, shiru kake ji. Su kuwa mutanenmu na gari mawaƙin nasu gareji gare shi a bayan tashar jirgin ƙasa, Madam ta taka da ƙafarta, aka sa hannu a takarda shikenan.

Toh ga inda aikin yake. Albam mutum ɗaya ne ke magana daga farko har ƙarshe, yana cewa ni, ni, ni, kai kuma da abin sauraro a kunne kana cike sauran da tunaninka, babu mai tambayar wa yake nufi. Amma a kan dandamali mutum ne tsaye da ƙafa biyu, ga wani a gabansa, ga jama'a sun biya kuɗi sun zuba ido, dole a san wa yake yi wa waƙar kuma me yake nema a wurinsa. Sai na rubuta kowace waƙa a kati na baje su a ƙasan ɗakina, a ƙarƙashin kowacce na sa tambaya uku, wa ke rerawa, wa yake gaya wa, me ya canza kafin ta ƙare. Wallahi kusan rabinsu tambaya ta ukun babu amsa. Waƙa ce mai daɗi, mutum ya fara cikin haushi ya gama cikin haushi, minti huɗu babu abin da ya motsa, a mota lafiya lau amma a zaure za ka ga an fara duba waya.

Na zauna na bi yadda manya suka yi. Albam ɗin American Idiot na 'yan rok ɗin Amurka Green Day ya fito a 2004, darakta Michael Mayer ya ɗauke shi ya fara gwadawa a garin Berkeley a 2009 kafin Broadway, unguwar manyan gidajen wasan daɓe ta New York, a 2010, dabararsa ita ce ya raba muryar nan guda ɗaya ga abokai uku, ɗaya ya tafi birni ya faɗa ƙwaya, ɗaya ya shiga soja, ɗaya ya maƙale a gida budurwarsa na da ciki, kuma da albam ɗin bai isa ba sai suka ciko da waƙoƙi daga 21st Century Breakdown, magana ta baki kuwa kaɗan ce ƙwarai. Albam ɗin Jagged Little Pill na mawaƙiya Alanis Morissette na 1995 wata hanyar aka bi, marubuciya Diablo Cody ta ƙirƙiro sabon labari gaba ɗaya na wani iyali a Connecticut ta rarraba musu waƙoƙin, ya hau Broadway a 2019. Ni ta biyun ta fi kwanta min, don albam ɗinmu ba labari ne a jere ba, gari ne kawai da masana'anta ta rufe, kowa na son tafiya babu mai tafiya. Na yi uwa da 'ya'yanta biyu, mace da namiji, da gidan da za a sayar.

Abin da ya fi cin raina amshi ne. A rok ana maimaita amshi sau uku sau huɗu kalma ɗaya, kuma mawaƙin ya ce ba a taɓa masa ko harafi. Sai muka koyi canza bakin da ke faɗa. Akwai waƙar da amshinta ke cewa ba zan dawo ba, karon farko ɗan ne ke faɗa wa uwar yana cusa kaya a jaka, karo na biyu uwar ce ke maimaitawa tana kwaikwayonsa tana dariya don ba ta yarda ba, na uku ƙanwar ce ita kaɗai a bakin ƙofa, sai a lokacin ka gane ashe ita ce mai tafiyar da gaske. Ko kalma ba a sauya ba amma labari ya yi gaba. Mu da muka tashi da finafinan Hausa mun saba a ajiye labari a je a yi waƙa da rawa a dawo a ɗora daga inda aka tsaya, ba na raina wannan, yana da nasa daɗin, sai dai a irin wannan wasan in ka ajiye labari sau goma sha biyu babu abin da zai rage maka.

Rigimarmu da mawaƙin kuwa ba a magana. Waƙar da ya rubuta ranar da matarsa ta farko ta tafi ni na ba uwar, dattijuwa mai shekara sittin da wani abu, ya ce wannan ai cin amana ne. Dole kuma aka canza mata maƙami don muryarsa da tata ba ɗaya ba, mai jita ya yi ta ƙorafi wai yanzu yatsunsa ba sa faɗawa inda suka saba, sautin ya mutu. Madam ta ce ku bari ta rera sau ɗaya da fiyano kaɗai. Ta rera, mutumin ya tashi ya fita waje ya sha taba ya dawo, bai ce ya yarda ba, cewa kawai ya yi a rage gudu kaɗan. Daga baya ma da muka rasa waƙar da za ta haɗa kashi na ɗaya da na biyu na tuna masa cewa Pete Townshend na ƙungiyar rok ta The Who da kansa ya rubuta sabuwar waƙa lokacin da albam ɗinsu Tommy na 1969 zai hau Broadway a 1993, ya harare ni, bayan sati ya zo da ita a rubuce a bayan rasit ɗin gareji, man inji duk ya ɓata gefen.

Sai maganar ƙara. A taron kiɗan rok zalla in ba ka ji baiti ba babu damuwa, ka san shi tun a gida, mu kuwa duk labarin yana cikin baitin, in ganga ta danne layi ɗaya to an rasa dalilin da ya sa yarinyar ta sayar da zoben uwarta. Zauren ƙarami ne, mai ganga kuma hannunsa kamar na maƙeri. Muka kewaye shi da allon roba mai gani, aka cusa bargo a cikin babbar gangar, aka juya lasifikokin jita suna kallon bango, duk da haka sai da na koma kujerar ƙarshe a kowane rihazal da takarda, duk kalmar da ban ji ba in ja mata layi. Kunnena na baƙo a nan ya yi amfani, su duk sun haddace waƙoƙin suna ji ko ba a faɗa ba.

Ƙananan abubuwa ma sun ci lokaci. Waƙoƙi da yawa a faifai sauti ne ke raguwa a hankali har ya ɓace, a dandamali babu wannan, dole a ƙera wa kowacce ƙarshe mai tsayawa cak don jama'a su san lokacin tafi. Sannan inda mai jita ke yin nasa shi kaɗai, 'yan wasa sai su tsaya cirko-cirko ba su san inda za su kai hannu ba, a nan muka riƙa kwashe kujeru da canza ɗaki, wani wurin kuma faɗan 'yan uwan aka yi babu magana.

Waƙa biyu na cire gaba ɗaya, ɗaya kuma ita ce wadda garin ya fi so, don ko ta ina na juya ta ba ta shiga bakin kowa ba. Daren farko ana hutun tsakiya wani ƙato ya tare ni a layin shayi yana tambaya ina take, na ce ya yi haƙuri ya jira. Mun ari dabarar American Idiot, inda bayan an gama 'yan wasa ke dawowa da jita su rera wata tsohuwar waƙar Green Day da ba ta cikin albam ɗin, mu ma bayan gaisuwa aka saki tasu, aka buɗe lasifika iya ƙarfinta, aka cire wa mai ganga allonsa, zaure ya miƙe tsaye har Madam tana tsalle. Ɗaya waƙar kuwa har yau mawaƙin bai yafe min ba, duk sanda na kai masa mota sai ya tayar da maganar kafin ya buɗe bonet. Masu cewa in turo bidiyo ku yi haƙuri, takardar da muka sa wa hannu ta wasa a dandamali ce kawai, ɗauka wani izini ne daban da ba mu da kuɗinsa.