Abin da na tsinta a darasin gizagizai

Sunayen gizagizai goma aka fara ba mu mu haddace a darasin ilimin yanayi, dukkansu da harshen Latin, tushensu kuwa rabe-raben da wani Bature mai haɗa magunguna, Luke Howard, ya gabatar a Landan a 1802. Haddar ba ta da wuya, kuma ban ga abin da ta tsinana mini ba. Batun tsayi ne ya zauna mini a kai.

Hawa uku aka raba su. Na ƙasa, irin su kumulus mai kama da tulin auduga da sitiratus mai shimfiɗuwa kamar bargo, galibi gindinsu ba ya wuce kilomita 2. Na tsakiya, a ƙasashe masu zafi irin namu, suna tsakanin kilomita 2 zuwa 8, na can ƙololuwa kuma daga 6 har 18. Waɗannan na ƙarshen, siras farare sirara, ƙanƙara ce zalla, ko da kuwa a ƙasa zafin Afrilu ya hana kowa sakat, domin duk kilomita ɗaya da aka hau zafi kan ragu da kusan digiri 6.5.

Malaminmu kan fitar da mu fili ya ce mu bar kan girgije mu dubi gindinsa. Gindin kumulus a shafe yake, saboda daidai nan ne iskar da ke hawa ta yi sanyin da tururinta zai koma ɗigon ruwa. Har lissafi gare shi: a ɗauki tazarar da ke tsakanin zafin iska da matakin da raɓa ke fara samuwa, kowane digiri ɗaya mita 125 ke nan na nisan gindin girgije daga ƙasa. A watan Agusta tazarar kaɗan ce, gizagizai sai su sauko ƙasa-ƙasa. Da bazara kuwa iska a bushe take, gindin ya yi nisa, shi ya sa za ka hango ruwa yana zubowa zara-zara daga girgije amma ya ƙafe tun bai taɓa ƙasa ba. Manomi ya tanadi iri, a tashi da ƙura kawai.

Abin da ya fi ɗaure mini kai tun ina yaro ma a nan ya warware. Danshin damina daga Tekun Gini yake zuwa, ta kudu maso yamma, amma kowa a Kano ko Maraɗi ya san hadari daga gabas yake tasowa. Ashe iskar mai danshin a ƙasa-ƙasa take tafiya, a wajen kilomita 3 zuwa 4 kuma akwai wata mai ƙarfi da ke kaɗawa daga gabas, ita ke tura hadarin. Kumulonimbus, girgijen tsawa, yakan ratsa hawa ukun gaba ɗaya, kansa ya kai wajen kilomita 16 ya baje kamar uwar maƙera. Iskar nan mai sanyi da ke tayar da ƙura, ta sa mata rige-rigen kwashe shanya, daga cikinsa take rikitowa tare da ruwan, sai ta bazu a ƙasa ta riga shi isowa gari.