Abin da makulli ya koya mini

Duk wanda ya yi aikin jinya a sashen masu taɓin hankali ya san ƙarar makullai. Tun ranar farko ake ja maka kunne: ka buɗe, ka wuce, ka kulle, ka jijjiga ƙofar ka tabbatar. An koya mana cewa kullen kariya ce, kada majinyaci ya gudu ko ya halaka kansa. Amma yawancin rigima a bakin ƙofar nan take tashi. Mutum ya wuni lafiya lau, da ya ga 'yan dubiya suna fita sai ya je ya kafa goshi a jikin gilashi. Daga nan sai bugu, sai ihu, sai allura.

A 2016 mujallar Lancet Psychiatry ta fitar da binciken da aka yi a asibitoci 21 na Jamus, daga 1998 zuwa 2012, kuma ba a ga kashe kai ko gudu ya fi yawa a inda ake barin ƙofa a buɗe ba. Ban ce a wangale kowace ƙofa ba, akwai daren da babu makawa. Sai dai sau da yawa hankalinmu mu ma'aikata ne kullen yake kwantarwa, musamman in hannu ya yi kaɗan.

Da aiki ya kai ni wurin da ake tsare baƙin haure na ga abin da ya fi kulle ciwo. Fursuna ya san wa'adinsa, kullum yana ragewa. Wanda ke jiran a mayar da shi ƙasarsa kuwa lissafinsa gaba yake yi, ba ranar tsayawa. Dokar Tarayyar Turai ta 2008 ta sa wa irin wannan tsarewa iyakar wata 6, ana iya ja zuwa 18. Birtaniya ba ta ƙayyade wa yawancin tsararru wa'adi ba. Ostareliya sai a 2023 babbar kotunta ta haramta tsare mutum ba iyaka alhali babu inda za a kai shi.

Mutane sun shigo garau, bayan 'yan watanni barci ya ƙaurace musu, abinci ya daina shiga. Tambayarsu ɗaya ce da ta majinyatana: "Yaushe zan fita?" A asibiti ina iya cewa likita zai zo zagaye ranar Talata, mu yi masa magana tare. A can kuwa jami'in da ke riƙe da makullin shi ma jiran takarda yake daga wani ofishin da bai taɓa ganin fuskar mutumin ba.