Kallon farko a ɗakin hoto

Duk wanda ya zauna gaban hoton ƙirji na X-ray ya san cunkoson da ke cikinsa. Haƙarƙari sun gitta, jijiyoyin jini sun barbazu, inuwar zuciya ta rufe wani sashe, ga dishi-dishin tsohon injinmu. Amma kafin ka fara bin lungu-lungu, ido ya riga ya haɗa hoton gaba ɗaya, ya faɗa maka ko wani abu bai zauna daidai ba. Wannan ne babban abin da zan bar sashen hoto na asibitin nan da shi, kuma da ciwo na koye shi.

Wata safiya na ɗora hoton wani dattijo mai tari, na ce wa oga, "Ranka ya daɗe, saman huhun dama bai kwanta mini ba." A gaban ɗalibai ya ce in nuna da yatsa, in kuwa ba zan iya ba, nan asibiti ne, ba gidan duba ba. Ban iya ba, domin ƙashin wuya ya hau kan wurin. Ya sa hannu cewa lafiya lau. Bayan 'yan watanni dattijon ya dawo ya rame, tarin fuka ya ci rami a daidai nan. Oga ya ɗauki tsohon hoton ya koyar da shi a taron safe, ko sunana bai ambata ba. Har yau abin yana ci mini rai.

Abin da ya kira duba, masana sun daɗe da auna shi. A 1969 wani masani mai suna Leon Glass ya nuna cewa in ka watsa ɗigo barkatai, ka kwafe su, ka ɗan juya kwafin a kan na asali, nan take ido zai ga da'irori, alhali babu wanda ya zana ko ɗaya. A 1975 wasu masana biyu, Kundel da Nodine, suka haska wa likitocin hoto hotunan ƙirji na kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa kacal, likitocin suka gano kusan kashi 70 cikin 100 na hotuna masu matsala. Da aka ba su lokaci suka kai kusan 97, don haka bin hoto daki-daki yana nan daram, ban taɓa musun wannan ba.

Sauran darussan gajeru ne. A rage hasken ɗaki, a nemo tsohon hoto a gwada, kada a tsaya don an ga ciwo ɗaya. Wanda zai gaji kujerata kuwa, in idonka ya tsaya a wani wuri, ka rubuta a fayil da kwanan wata da sa hannunka kafin ka kai wa oga.