Birni na cin riba, manomi na cin bashi

Abin da ya samu manoman Amurka bayan yaƙin duniya na farko darasi ne da ya fi kusa da mu a Damagaram fiye da yadda ake zato.

Lokacin yaƙin gonakin Turai sun zama fagen daga, sai gwamnatin Amurka ta lamunce wa manomi farashin alkama sama da dala 2 kan awonsu mai cin kusan kilo 27. Manoma suka ci bashin banki, suka ƙara gonaki da tsada, suka sayi tarakta. Zuwa 1921 farashi ya faɗo wajen dala 1. Turai ta koma noma, ga Kanada da Ajantina da Ostireliya suna zuba tasu alkamar a kasuwa.

Farashi ya sauka, bashi yana nan inda yake. Wanda buhu 100 ke biya masa bashi a da, yanzu sai ya kai 200. Dole kowa ya ƙara shuka, amfani ya yi yawa, farashi ya ƙara karyewa. Taraktar ma ta ƙara dagula lissafi, domin gonakin da ake noma abincin dawaki an mayar da su na hatsin sayarwa. Mutumin birni kuwa, in albashinsa ya ƙaru, mota da rediyo yake saye. Cikinsa ɗaya ne, burodin da yake ci bai ninka ba. Harajin shigo da kaya na 1922 ya kare masana'antu, kayan da manomi ke saye suka tsaya da tsadarsu. Sau biyu, a 1927 da 1928, majalisa ta amince da dokar tallafa wa farashin amfanin gona, Shugaba Coolidge ya ƙi sa hannu. Bankunan karkara suka yi ta rufewa, ɗaruruwa kowace shekara.

Gujiyar Magariya da Matamaye, wadda Kanawa ke ce wa gyaɗa, ta bi wannan sawun bayan yaƙi na biyu. Faransa tana sayenta sama da farashin duniya, aka faɗaɗa gonaki, aka rage barin ƙasa ta huta. Faransa ta janye ƙarin a ƙarshen shekarun 1960, farin 1973 ya biyo baya, cutar gujiya ta 1975 ta ƙarasa aikin.

Har yau lissafin nan ne ke cin wanda ya karɓi bashin taki yana duban farashin tiyar wake na bazara a kasuwar Dole, alhali da farashin kaka zai biya.