Soja da wayarsa: abin da hoto ke faɗa wanda mai ɗaukarsa bai sani ba

A watan Maris na shekarar 2010, rundunar sojan Isra'ila ta soke wani samame da ta shirya kaiwa wani ƙauyen Falasɗinawa a Gaɓar Yamma, saboda ɗaya daga cikin sojojin da za su tafi ya rubuta a Facebook sunan ƙauyen da ranar da za a je, har ya ƙara da cewa washegari za su koma gida idan Allah ya yarda. An yi masa ɗaurin kwana 10, an kuma cire shi daga bataliyarsa. Ban kawo wannan labari don in yanke hukunci a kan samamen kansa ba, wannan zance ne na wata rana. Na kawo shi ne domin yadda ya nuna cewa mutum ɗaya, da jimla biyu, a cikin minti guda, yana iya rushe shirin da ɗaruruwan mutane suka kwana suna yi, alhali shi a ransa gaisuwa kawai yake aika wa abokansa.

Ra'ayina a kan wannan batu ba ɓoyayye ba ne. Bai kamata soja ya ɗora takardar aiki a kafafen sada zumunta ba ko da wasa, kuma hoton da ya ɗauka a bakin aiki bai kamata ya fita ba sai wanda aikinsa ne tantancewa ya duba shi. Sai dai akwai wani sharaɗi da nake ganin ya rataya a wuyan manyan hafsoshin da ke kafa wannan doka, wanda zan zo kansa bayan na faɗi abin da ya sa na tsaya inda na tsaya.

Batun takardu shi ne mafi sauƙi. Wanda ya shiga soja ya yi rantsuwa, kuma takardar da aka buga wa hatimin sirri amana ce da aka ba shi, ba mallakarsa ba. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne dalilin da ke sa ake karya wannan amana a zamanin nan, domin sau da yawa ba kuɗi ba ne, ba kuma aƙida ba. Jack Teixeira yana da shekara 21 lokacin da aka kama shi a watan Afrilu na 2023. Ƙaramin soja ne mai kula da na'urorin sadarwa a wani sansanin sojan sama da ke jihar Massachusetts ta Amurka. Ya yi watanni yana kwafe bayanan sirri yana zubawa a wani ɗan zaure na manhajar Discord inda yake hira da abokan wasan kwamfuta, da farko yana rubutawa da hannunsa, daga baya da ya gaji sai ya koma buga takardun yana ɗaukar hotonsu. A cikinsu akwai bayanan halin da makaman kare sararin samaniyar Yukiren ke ciki a tsakiyar yaƙi, da rahotannin leƙen asirin da Amurka ke yi wa ƙawayenta. Duk abin da yake nema shi ne 'yan zauren su san cewa shi ma wani ne. Takardun sun tsallake daga wannan zaure zuwa wani, daga nan suka bazu a duniya, kuma a watan Nuwamba na 2024 kotu ta yanke masa ɗaurin shekara 15.

Irin wannan fariya ta kai har ga abin dariya. A 2021 wani mai buga wasan yaƙin kwamfuta da ake kira War Thunder, wanda ya ce shi kwamandan tankar yaƙi ne a rundunar Birtaniya, ya ɗora shafukan littafin sarrafa tankar Challenger 2 a dandalin 'yan wasan, don kawai ya tabbatar wa masu musu da shi cewa kamfanin wasan bai zana tankar daidai ba. A wannan shekarar kuma masu binciken Bellingcat, wata ƙungiya mai bin diddigin bayanan da ke fili a intanet, suka gano cewa wasu sojojin Amurka da ke gadin makaman nukiliya a Turai sun riƙa zuba bayanan tsaron sansanoninsu a manhajojin haddar karatu domin shirin jarrabawa, ba tare da sun lura cewa kowa na iya buɗe su ba. Babu maci amanar ƙasa a cikin waɗannan na ƙarshe, ɗalibai ne masu tsoron faɗuwa jarrabawa.

Hoto ne ya fi wuyar sha'ani, kuma a nan nake so in daɗe, domin a nan ne mutanen kirki ke yin kuskure. Sojan da ya yi wata shida bai ga iyalinsa ba, ya tsaya cikin kaki da bindiga a kafaɗa ya ɗauki hoto don mahaifiyarsa ta ga yana nan da rai, babu mai hankalin da zai kira shi mai laifi. Matsalar ita ce shi fuskarsa yake kallo a hoton, shi kuwa jami'in leƙen asirin abokan gaba komai yake kallo ban da fuskar. Yana duba tsaunin da ke baya, da siffar ginin da ke gefe, da tsawon inuwa wadda ke nuna lokacin da aka ɗauka, da lambar da ke jikin mota, da tambarin da ke hannun riga, da irin eriyar da ta leƙo daga saman tanti. Ko Teixeira ma, cikin abubuwan da suka taimaka wa 'yan jarida gano shi har da zanen dutsen teburin kicin da ya fito a gefen takardun da ya ɗauka, wanda ya yi daidai da na wasu hotunan gidansu da ke intanet.

Bayan abin da ido ke gani, akwai wanda ke ɓoye a cikin fayil ɗin. Wayar zamani tana iya liƙa wa kowane hoto lambobin da ke nuna ainihin wurin da aka ɗauke shi. Rundunar sojan ƙasa ta Amurka da kanta ta bayyana a 2012 cewa a shekarar 2007, lokacin da sababbin jirage masu saukar ungulu suka iso wani sansani a Iraƙi, wasu sojoji sun ɗauki hotunansu sun ɗora a intanet, daga nan mayaƙan da ke adawa da su suka gane daidai inda jiragen ke ajiye, suka yi luguden wuta suka lalata guda 4 ƙirar Apache. Gaskiya ne cewa yawancin manyan kafafen sada zumunta yanzu suna goge waɗannan lambobi kafin hoto ya bayyana ga jama'a, amma wannan bai rufe ƙofar ba, domin wayar tana ci gaba da sanar da wurin da take ta wasu hanyoyi. A watan Nuwamba na 2017 kamfanin Strava, mai manhajar auna gudun masu motsa jiki, ya fitar da taswirar duniya mai nuna hanyoyin da masu amfani da manhajar suka bi. A watan Janairu na 2018 wani ɗalibi ɗan Ostareliya, Nathan Ruser, ya lura cewa a tsakiyar duhun hamadar Siriya da Afganistan akwai wasu zobba masu haske, waɗanda ba komai ba ne illa sawun sojojin da ke sassarfa a kewayen sansanoninsu kowace safiya. Babu ko ɗaya cikinsu da ya wallafa sirri. Kowa gudunsa ya auna, jimillar gudun ce ta zana katangar sansanin. A watan Agusta na wannan shekara Ma'aikatar Tsaron Amurka ta hana dakarunta da ke fagen daga kunna abin nuna wuri a na'urorinsu.

Wannan shi ne ginshiƙin hujjata. Soja ɗaya ba shi da hanyar sanin nauyin hotonsa, domin nauyin ba a cikin hoton yake ba, yana cikin sauran hotuna ɗari da wasu suka ɗora waɗanda shi bai taɓa gani ba. Kuma magana zarar bunu ce: wanda ya goge abin da ya wallafa bayan minti biyar ya goge nasa kwafin ne kawai. Wanda zai biya kuɗin kuskuren ma sau da yawa ba shi ba ne, abokin kwanansa ne a tanti, ko wanda zai karɓe shi a wurin gadi bayan ya tafi hutu. Lokacin da aka kai hari kan wani gini da sojojin Rasha ke kwana a garin Makiivka da ke gabashin Yukiren a daren shiga shekarar 2023, ma'aikatar tsaron Rasha ta amince da mutuwar 89, ta kuma ɗora laifin a kan yawan amfani da wayoyi. Masu sharhi da yawa a cikin Rasha sun ce hafsoshi ne ke neman wanke kansu daga laifin tara mutane masu yawa a gini ɗaya, kuma ina ganin akwai ƙamshin gaskiya a zarginsu, amma hakan bai mayar da wayar abu marar haɗari ba.

Akwai kuma hotunan da ko babu sirrin soja a cikinsu, mutunci ya hana a yaɗa su. Sashe na 13 na Yarjejeniyar Geneva ta uku, ta 1949, ya wajabta kare fursunan yaƙi daga cin zarafi da kuma mayar da shi abin kallon jama'a, don haka sojan da ya ɗora bidiyon wanda ya kama yana durƙushe ya jefa kansa da rundunarsa cikin matsalar shari'a. Gawar abokin gaba ma ɗan wani ne. Sannan babu uwar da ta cancanci ta ji rasuwar ɗanta ta hanyar hoton da ke yawo a waya kafin wakilin runduna ya iso ƙofar gidanta.

Zan yi rashin adalci idan na tsaya a nan, domin dokar hana wallafawa tana da fuska ta biyu. A ranar 17 ga Yuli, 2014, aka harbo jirgin fasinja na Maleshiya mai lamba MH17 a gabashin Yukiren, mutum 298 suka mutu. Cikin abubuwan da suka ba masu bincike damar bin sawun motar harba makami mai linzami ƙirar Buk har zuwa birged ta 53 ta sojan Rasha da ke birnin Kursk akwai hotuna da bidiyon da fararen hula da sojoji suka ɗora a intanet, kuma a watan Mayu na 2018 tawagar binciken ƙasa da ƙasa ta tabbatar da hakan. A 2019 Rasha ta yi dokar hana sojojinta riƙe wayoyi masu kamara da intanet a bakin aiki. Mai karatu yana iya auna wa kansa ko rayukan sojoji wannan doka ta zo karewa, ko kuwa bakin shaidu ta zo rufewa. Haka nan a rundunoni da yawa na duniya, ƙaramin sojan da aka danne wa alawus, ko aka tura fagen fama da makamin da ba ya aiki, yakan ga cewa bidiyo na minti biyu ya yi masa abin da takardun koke goma ba su yi ba. Ba na goyon bayan hanyar, amma na fahimci abin da ke kai mutum gare ta, kuma hafsan da ya toshe duk ƙofofin koke sannan ya hukunta wanda ya fita ta taga, shi ma yana da kaso a laifin. A batun Teixeira ma, rundunar sojan sama ta ladabtar da mutum 15 a watan Disamba na 2023, domin wasu na gaba da shi sun ga take-takensa sun yi shiru.

Sharaɗin da na ambata tun farko ke nan: rundunar da ta hana sojanta magana a waje wajibi ne ta buɗe masa hanyar magana a ciki, hanyar da ba ta bi ta teburin wanda ake ƙara ba, wadda kuma za ta iya kai wa ga masu binciken laifuka ko kwamitin majalisa. An taɓa gwada wannan hanya a wani lamari da duniya ta sani. A watan Janairu na 2004 wani sojan Amurka mai suna Joseph Darby ya ci karo da hotunan azabtar da fursunoni a kurkukun Abu Ghraib da ke Iraƙi, hotunan da masu azabtarwar suka ɗauka da hannunsu don nishaɗi. Ya saka faifan a ambulan ya miƙa wa sashen binciken laifuka na soja, bincike ya fara, kuma Charles Graner, wanda ke kan gaba a ta'asar, ya samu ɗaurin shekara 10. Gani ya kori ji. Da babu hotunan, da wuya a yarda da abin da fursunonin za su faɗa.

An yi wa Darby alƙawarin ɓoye sunansa. A watan Mayu na wannan shekara, bayan hotunan sun fita a talabijin, Sakataren Tsaro Donald Rumsfeld ya ambaci sunansa a gaban majalisa yana yaba masa, a daidai lokacin da Darby ke zaune a ɗakin cin abinci na sansani a Iraƙi, cikin ɗaruruwan sojoji, ana kallon zaman kai tsaye. Sai da aka fitar da shi daga ƙasar, aka sa shi da matarsa ƙarƙashin kariyar jami'an tsaro, kuma bai koma zama a garinsu da ke jihar Maryland ba, inda mutane da yawa suka ɗauke shi maci amana.