Auta Ya Zauna da Kansa, Mun Gode

Alhamdu lillahi. Kun dai ga hoton jiya, Auta zaune a kan tabarma babu mai riƙe da shi. Ba sai na maimaita abin da ya wuce ba, kun san komai tun daga shawarar da ta kama shi kafin suna har ta taɓa masa ƙwaƙwalwa. Wallahi na gaji, jikina kamar an yi mini duka, amma raina fes.

Likitar gashi, wato mai motsa gaɓoɓi, ta Asibitin Ƙashi na Dala, baiwar Allah, ban san da bakin da zan gode miki ba. Ba ki ɓoye mini ba, kin ce tabon ƙwaƙwalwa ba ya gogewa, ba ya kuma ƙaruwa, amma idan aka bar gaɓoɓin a ƙage to daskarewa za su yi. Kika kama hannuna kika koya mini miƙar da ƙafa a hankali ba fizga, da kifa shi a kan matashi don wuya ya yi ƙwari. Kika ce babban aikin a gida yake, safe da yamma.

Baba kafinta na bakin kasuwar Ɗambatta ya ce kada in ambace shi. Baba, ka yi haƙuri, ba zan iya shiru ba. Takarda na kai masa da zanen kujerar kusurwa, mai tallafe yaro ya zauna, da aka ce a yi wa yaron. Ya ajiye ƙyauren da yake yi, ya tsuguna ya auna bayan Auta da igiya, yana yi masa wasa. Da na kwance bakin zane, kuɗin wake ne da na sayar, sai ya ce, "Mayar, 'yata. Wannan jikana ne." A nan cikin mutane kuka ya ƙwace mini.

Gwaggo da ta riƙe mini yara duk ranar Kano, da ɗan acaɓan da ke fitar da mu titi tun asuba ko da damina, Allah ya biya ku da Aljanna Firdausi, ya raya muku zuri'a, kada ya jarrabe ku da ciwon ɗa.

Dangin da suka ce shafar aljanu ce, asarar kuɗin mota muke yi, tun daga nan ko waya babu, mun yafe. Ƙofa a buɗe take.

Saura tsayuwa. Likita ta ce da sauran aiki, kada mu saki atisaye. A ci gaba da sa mu a addu'a.