Injiniya da rana, matuƙin jirgin soja da dare

Mutane suna yawan tambayata wai ya nake haɗa aikin injiniya da tuƙin jirgin soja, wasu ma sun ɗauka ƙarshen mako ɗaya ne a wata shikenan ka koma gida. To bari in faɗi yadda abin yake a wajena nan Amurka.

Ina cikin Air National Guard ne, sojojin sama na ko-ta-kwana, ina tuƙa C-130H, jirgin kaya mai farfela 4. Litinin zuwa Juma'a kuma ina wani kamfani muna zana gadoji. A takarda dai abin da ake nema wajen sojan ko-ta-kwana shi ne kwana 2 a wata da kamar sati 2 a shekara. Amma fa wannan lissafin ba na matuƙi ba ne wlh, domin jirgi idan ka daɗe ba ka taɓa shi ba hannunka sanyi yake yi, kuma akwai adadin tashi da sauka da tashin dare da dole ka cika kafin wa'adi ya wuce, in ba haka ba sai an haɗa ka da malami kafin ka sake tashi. Don haka kusan kowane sati ina da tashi ɗaya, yawanci da yamma bayan na tashi daga ofis.

Tun farko ma horon ya ci mini kusan shekara 2, makarantar hafsoshi a Alabama, sai shekara guda ta koyon tuƙi inda aka fara da ƙaramin jirgin koyo T-6, sai Little Rock a jihar Arkansas wajen koyon C-130 ɗin kansa. Bayan nan ka sa hannu kan shekara 10. Akwai doka ta 1994 mai suna USERRA da ta hana kamfani korarka saboda aikin soja, kuma gaskiya da na dawo kujerata na nan. Sai dai doka kujera take riƙe maka, ba ta riƙe maka ilimin da ya wuce ka. Waɗanda muka fara tare na tarar sun ci jarrabawar lasisin injiniya, suna jagorantar aiki, ni kuwa manhajar zanen ma an canza ta, sai da na zauna gefen wani yaro da ya zo bayana yana nuna mini. Abin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba.

Amma abin da ya fi canza ni wani dare ne. Muna da zanen da za mu miƙa ranar Laraba, na kwana biyu ina barcin awa 4 ko 5, ranar Talata kuma ina da tashin dare ƙasa-ƙasa da tabarau na gani cikin duhu. Ƙa'ida ita ce matuƙi ya samu hutun awa 12 kafin aiki, a ciki har da damar barcin awa 8, kuma kafin tashi akwai fom da muke cikewa na auna haɗari, yana tambaya ko ka huta. Na rubuta lafiya ƙalau, don ina jin kunyar a ce saboda ni aka soke tashin mutum 5 da su ma suka baro nasu ayyukan. Muna sama aka ba mu lambar da za mu saita ma'aunin tsayi, 29.82, na maimaita ta daidai da bakina amma hannuna ya bar ta a 29.92. Wannan ɗan bambancin ƙafa 100 ne, ma'ana jirgin yana ƙasa da inda allona yake nuna mini. Injiniyan jirgi da ke zaune a bayanmu, wani dattijon saje da ya girme ni nesa ba kusa ba, shi ya taɓa kafaɗata ya ce ranka ya daɗe duba naka. Na gyara, ba abin da ya faru, amma da muka sauka sai da na yi minti 20 a mota ban iya tayar da ita ba, ina ta tunanin mutanen da ke bayan jirgin da iyalansu.

Washegari na je na faɗa wa shugaban tashinmu gaskiya. Bai yi mini faɗa ba, ya ce kawai nan gaba in kira shi, soke tashi ba abin kunya ba ne. Daga nan na daina ɓoye wa kowane ɓangare nauyin ɗayan. Da zarar jadawalin tashi ya fito nake tura wa ogana na ofis, duk satin da za mu miƙa zane kuma ba na karɓar tashin dare ko da ina buƙatarsa. Na kuma ce a daina ba ni aikin da ni kaɗai na san kansa, komai na rubuta shi yadda wani zai ɗauka idan aka kira ni na wata 4 waje. Wannan ya rage mini saurin ƙarin girma, na sani, kuma na yarda da hakan.

Wani abin da ban zata ba, ɗabi'ar jirgi ta biyo ni ofis. Yanzu kowane lissafi na gama sai wani ya karanta mini lambobin da baki ina bi da yatsa, kamar yadda muke yi kafin tashi. Sau biyu hakan ya kama kuskure a kaurin ƙarfe kafin zanen ya fita.

Maiɗakina ita ke ɗauke da mafi nauyin, ita ce ke gida da yara duk daren da nake sama, shi ya sa yanzu kafin oga ya ga jadawalin ita take fara gani, in ta ce wannan satin ba zai yiwu ba sai in nemi wanda zai karɓe ni. Saura shekara 3 alƙawarina ya cika, mun ce sai lokacin za mu zauna mu ga ko zan ƙarasa shekara 20 ɗin da ake buƙata don fansho.